Shekara Guda da Cerin Kirsimeti a Ɗakina

A farkon Disamba na saye ta, muna dawowa daga wani biki a Rayfield. Duk wanda ya san Jos ya san masu fulawan nan da ke jera tukwane da baƙaƙen ledoji a bakin titi. A wurin ɗaya daga cikinsu na hango wata ’yar gajeriyar shuka, tsayinta bai wuce kamu guda ba, ganye kore shar, ’ya’ya jajaye kamar an rataya mata murjani. Na ce wa maigidan don Allah ya tsaya. Dattijon da ke wurin ya ce sunanta cerin Kirsimeti, don a irin wannan lokaci take nuna. Ya yi mata kuɗi naira 4,000, muka yi ciniki ya sallama a 3,000, na ƙara 1,500 na ɗauki wata tukunyar roba mai sheƙi da ta dace da labulen falona. Ina miƙa masa kuɗin na ce, “Baba, yaya ake kula da ita?” Ya ce, “Ruwa kawai, Hajiya, ba ta da wahala.” Motoci na ta yi mana hon a baya, maigidan na ta duba agogo, ban tsaya na ƙara ko tambaya ɗaya ba. Wannan gaggawar ce ta ja mini kai-komo na shekara guda, har da wuni a asibiti, kuma ita ce ta sa na zauna nake rubuta yadda abin ya gudana daki-daki.

Da muka iso gida Rikkos na juye ta a sabuwar tukunyar, na ɗora a kan teburin tsakiyar falo, inda duk mai shigowa zai fara cin karo da ita. Kwana huɗu na farko kowa sai ya yaba. To amma lokacin muku-mukun sanyi ne, tagogi a rufe, labule masu kauri a sake, ga shi Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta zo mana kwana biyu, kuma ba ta iya zama bayan magariba sai an kawo mata garwashi a kurfoti ta ji ɗumi. Ƙofar kicin ma a falon take, kullum a buɗe idan ina girki da gas. Ba a yi kwana goma ba na fara tsintar jajayen ’ya’ya a kan tebur da safe, yau biyu, gobe biyar, ganyen ƙasa kuma suka soma yin rawaya suna zubowa. Ni a tunanina ƙishi ne, tunda an ce mini ruwa kawai, sai na ninka: kofi guda da safe, kofi guda da yamma. Maimakon ta farfaɗo sai ta ƙara langwaɓewa. Ina share abin da ya faɗo ina zubarwa, ban san wasu sun gangara ƙarƙashin kujera ba.

Ranar wata Asabar bayan azahar, ina ninke wanki a ɗaki, autata mai shekara uku ta shigo tana yamutsa fuska, leɓenta da ɗan ja-ja, hannunta riƙe da rabin ɗan cerin nan. Ta ce, “Umma, tumatur ɗin nan babu daɗi.” Gabana ya faɗi, don a lokacin ne na tuna ban taɓa tambayar ko ana ci ba. Na buɗe bakinta na kwashe abin da ya rage, na wanke mata. Kafin ka ce kwabo falo ya cika: maƙwabciyata ta rugo da kwalbar manja, Hajiya na cewa a ɗura mata madara, ni kaina na ɗaga yatsa zan zura mata a maƙogwaro ta yi amai. Maigidan ne ya daka mana tsawa, ya ce kowa ya dakata, a ɗauko mayafi a tafi asibiti. Allah Ya taimake ni na karyo reshe guda mai ’ya’ya na jefa a leda kafin mu fita, kuma daga baya na gane babu abin da na yi daidai a ranar kamar wannan.

A asibitin muka yanki kati naira 2,000, nas ta auna zafin jikinta da bugun zuciya, ta ce mu zauna a benci. Mun yi kamar minti arba’in muna jira, yarinya na wasa da zoben hannuna, ni kuwa kowane motsinta sai na ga kamar alama ce. Da muka shiga, likitan ya jero tambayoyi: guda nawa ta ci, ƙarfe nawa, nunannu ne ko ɗanyu, ta tauna ganye ko ba ta tauna ba, sannan wace shuka ce. Na ce cerin Kirsimeti. Ya ce, “Hajiya, shuke-shuke da yawa ake kira haka, ainihin sunanta nake so.” Nan na yi tsuru-tsuru. Sai na tuna da ɗan yayata da ke karatu a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke nan Jos, na ɗauki hoton reshen na tura masa ta WhatsApp. Bai yi minti biyar ba ya amso: Solanum pseudocapsicum. Likitan ya gyaɗa kai, ya duba wani abu a wayarsa, ya ce akwai dafi a jikin shukar duka, ’ya’ya da ganye, ana kiransa solanokafsin, kuma abin da ya fi yi shi ne murɗar ciki, amai da gudawa. Ya ce yaron da ya ci ɗaya ko biyu galibi a nan abin ke tsayawa, amma idan da yawa ne yana iya kawo kasala da gyangyaɗi, ya taɓa bugun zuciya, don haka za su riƙe yarinyar su sa ido. Da na ba shi labarin manja sai ya ce gara da ba a ba ta ba, domin yaro yana kuka ana ɗura masa mai, ko ana tilasta masa amai, abin na iya sarƙe shi ya bi ta huhu, a je neman gira a rasa ido. Ta yi amai sau biyu, aka riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, bayan isha’i aka sallame mu. Da kati da magani da kuɗin gado, mun kashe abin da ya kusa naira 9,000, wato ninki uku na kuɗin fulawar.

A mota maigidan ya ce da mun isa gida a jefa shukar bola. Hajiya ta ce ai dama kyan ɗan maciji gare ta. Ban yi musu ba a daren, amma na kai ta saman durowa na kulle ɗakin, na ce su ba ni kwana biyu. Washegari ɗan yayata ya zo duba yarinya, muka zauna ya yi mini bayanin abin da na saya ban sani ba. Ya ce dangin tumatur ce da gauta da yalo da dankalin Turawa, kuma asalinta Kudancin Amurka ne, duk da Turawa na laƙaba mata sunan birnin Ƙudus. Sunan nan na kimiyya, wanda masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa mata a 1753, ma’anarsa kusan barkonon ƙarya, saboda kamar da take yi da barkono. Ya nuna mini yadda zan bambanta ta da sauran masu jajayen ’ya’ya da ake sayarwa a bakin titi. Barkonon ado idan an fasa shi cikinsa holoƙo ne kamar na attaruhu, wannan kuwa cike take da ruwa da ’yan fala-falan ƙwayoyi irin na tumatur. Akwai kuma wata, Ardisia crenata, daga gabashin Asiya, ganyenta mai kauri da sheƙi, bakinsa a lanƙwashe kamar an yi masa ado da almakashi, ’ya’yanta cunkus-cunkus suke rataye a ƙarƙashin ganye. Ita inuwa take so, kuma girmanta a hankali yake. Wanda ya ɗauki shawarar kula da ɗaya ya yi wa ɗayar, zai yi ta mamakin abin da ke faruwa. Bayan ya tafi muka yi yarjejeniya da maigidan: za ta zauna, da sharaɗin ta bar falo, kafinta ya kafa mata katako a bango kusa da tagar ɗakina mai kallon gabas, a tsayin da ni kaina sai na miƙa hannu, kuma a tsinke duk sauran ’ya’yan nan take. Katako da aiki naira 2,500. Na tsinke goma sha ɗaya da suka rage, na ƙunshe a takarda na jefa a murhu.

Sai cikin Janairu na samu na koma wurin dattijon, da tukunyar a hannu, shukar ta zama ’yan tsirarun ganye a kan sanduna. Na yi niyyar yi masa faɗa, amma da na faɗa masa zancen asibiti sai ya cire hula ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce shi a zatonsa kowa ya san ba a ci. Daga nan ya juya tukunyar ya duba gindinta, ya kalle ni ya ce, “Hajiya, ina hujin?” Babu huji ko ɗaya. Ya zaro shukar, ƙasar ta fito jagab tana warin tsami, ya nuna mini saiwoyin: masu lafiya farare ne masu tauri, nawa kuwa rabi sun koma ruwan kasa, ana taɓawa suna saluɓewa. Ashe langwaɓewar da na ɗauka ƙishi ne, ruɓewa ce. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ganye ya yanƙwane alhali tukunya na cike. Ya yanke ruɓaɓɓun da reza, ya ɗauko tukunyar ƙasa mai huji, ya kifa tsingaro a kan hujin, ya haɗa ƙasar lambu kashi biyu, yashi mai tsakuwa kashi ɗaya, busasshen takin shanu da ya daɗe da ruɓewa kashi ɗaya. Bai karɓi ko sisi ba sai kuɗin tukunya, naira 1,200. Ya kama yatsana ya cusa a ƙasar har gaɓar farko, ya ce idan na ji danshi a nan in bar ta, idan na ji a bushe in zuba har ya ɗigo ta ƙasa, sannan in zubar da wanda ya taru a faranti. Da na ba shi labarin kurfoti da kicin sai ya yi dariya, ya ce ita da hayaƙi da iskar gas ba sa ga maciji, ’ya’yan ne ke fara kaɗewa. Abin da take so shi ne haske mai yawa da wuri mai sanyi-sanyi, kamar digiri 10 zuwa 18 lokacin da take ɗauke da ’ya’ya. Shi ya sa take jin daɗin garin nan: Jos na kan tudu da ya kai mita 1,200 daga teku, sanyin da ke sa dankalin Turawa ya yi kyau a Bokkos da Mangu shi ne ita ma take nema. Ni ce na raba ta da shi, na kai ta tsakanin garwashi da murhu a cikin duhu. Wannan kurfotin ma mun daina shigo da shi ɗaki a rufe, don ba fulawa kaɗai yake cutarwa ba.

Busasshiyar iskar hunturu ita ce matsala ta gaba. Hazo na shigowa ta kowace kafa, ƙura ta kwanta a ganye, bakinsu ya bushe. Sai na cika faranti da tsakuwa na zuba ruwa bai kai ga gindin tukunyar ba, na ɗora ta a kai, kuma duk bayan kwana biyu ina fesa wa ganyen ruwa da safe. A ƙarshen Fabrairu na yi abin da ya fi ba ni tsoro, wato aski. Baba ya ce in datse kowane reshe ya rage kamar taƙi guda, in yanka daidai saman inda ganye ke fitowa. Na sa leda a hannu, na wanke almakashi, na yi ta yanka ina jin kamar kashe ta nake yi. Hajiya ta leƙo ta ce, “To, an yi mata ƙwal-kwabo, sai a jira suna.” Mako biyu babu ko motsi, kullum ina hawa kujera ina leƙawa. A mako na uku wasu ’yan korayen ɗigo suka ɓullo a jikin sandunan, kafin ƙarshen Maris ta rufe da sabon toho. Duk reshen da ya kai tsawon yatsa sai in tsinke kansa da farce, ya rabu biyu, da haka ta yi dunƙulen kai maimakon ta zare sama kamar rama.

Nan ne na sake yin wani kuskuren. Wani maƙwabcinmu manomi ya ga yadda nake fama, ya ba ni takin yuriya a ƙullin leda, na riƙa barbaɗa mata duk mako. Ganye ya yi faɗi, ya yi duhun kore, kowa na cewa ta yi kyau. A watan Mayu ta fara fure, ’yan farare masu kama da tauraro, da tsinin rawaya a tsakiya, sak na tumatur sai dai launi. Na yi ta murna ina ƙirgawa. Amma kowane fure sai ya yi kwana uku ko huɗu ya bushe ya faɗo, babu ko alamar ɗa. Haka muka yi wata guda cur. Na sake kiran ɗan yayata, ya tambaye ni abu biyu: me nake ba ta, kuma tagar a buɗe take ko a rufe. Ya ce yuriya ganye take ginawa, mai son fure da ’ya’ya sai ya rage ta ya nemi taki mai fotash. Babban dalilin kuwa shi ne babu mai yi mata barbara. Furen dangin tumatur garinsa a ƙulle yake a cikin wannan tsinin rawayan, ba ya fitowa sai ta ’yan ƙananan ƙofofi a kai, kuma sai an girgiza shi. A waje iska ke yi, ko wasu ƙudajen zuma da ke kama furen su kaɗa jikinsu har garin ya zubo. A ɗaki mai gilashi da raga babu iska, babu ƙuda, furen zai tsufa ya faɗi yadda ya zo. Wannan shi ne abin da babu wanda ya faɗa mini tun farko, kuma ina jin shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa ke cewa tasu ta ƙi sake haihuwa, su jefar su sayi sabuwa duk Disamba.

Na daina yuriya, na sayi takin NPK 15-15-15, mai fotash a ciki, na naira 500 a wurin masu kayan noma, ina narka abin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba a ruwa lita biyu, in ba ta sau ɗaya duk mako biyu, kuma sai ƙasar na da danshi. Wani lokaci in ƙara ɗan tokar itace kaɗan a gefen tukunya. Na fitar da ita baranda, na rataye a ƙugiya inda ranar safe ke samunta, hannun yara kuma ba ya kaiwa. Duk da haka ban bar wa ƙudan zuma aikin su kaɗai ba: kowace hantsi, idan raɓa ta bushe, sai in ɗauki fensir in riƙa ƙwanƙwasa gindin kowane reshe mai fure a hankali. Idan rana ta haska daidai, ana ganin garin na tashi kamar hayaƙi siriri. Bayan kamar kwana goma na ga wani fure ya bushe amma bai faɗo ba, a bayansa akwai ɗan koren ƙullutu kamar ƙwayar dawa. Na kira maigidan ya zo ya gani, shi da ya ce a kai ta bola, sai ga shi ya sa tabarau yana neman na biyu.

Daminar Jos kuwa ba ta wasa. Wata rana da la’asar hadari ya taso, ƙanƙara ta zubo, kafin in rugo daga maƙwabta ta yayyaga ganyen gefe ɗaya ta kaɗe ’yan ’ya’ya shida. Tun daga ranar na matsar da ƙugiyar can cikin rufi. A markar Agusta, da ake kwana ana wuni ana yayyafi, na kan yi mako guda ban zuba mata ruwa ba, don yatsana na gaya mini akwai danshi. A wannan lokacin ne farin ƙuda ya sauka. Ina taɓa reshe sai wasu ’yan fararen ƙwari su tashi buu, bayan ganye ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Da gaggawa irin tawa na dama garin sabulun wanki na fesa da tsakar rana, washegari ganye kusan ashirin suka ƙone. Abin da ya yi aiki daga baya mai sauƙi ne: ganyen dogon yaro cikin hannu biyu, a daka, a jiƙa ya kwana a ruwa lita ɗaya, a tace, a ɗiga ɗan sabulun salo kaɗan, a fesa da yamma, kuma a bi ta ƙarƙashin ganye domin can suke ƙwai. Feshi ɗaya ba ya isa, tunda ƙwan na ƙyanƙyashewa daga baya. Na maimaita duk kwana biyar har sau huɗu kafin suka ɗauke. Maganin ƙwari na gona ban yarda da shi ba, don tukunyar za ta koma ɗakin da muke kwana.

’Ya’yan sun daɗe suna kore, har na fara ƙosawa. Sun kai girman magarya tun Satumba, amma sai a Oktoba suka soma washewa zuwa rawaya, sannan ruwan lemo, ja kuma bai kankama ba sai tsakiyar Nuwamba. Akwai makonnin da za ka ga launi huɗu a reshe ɗaya, kuma a wurina lokacin ta fi kyau, fiye ma da ranar da na saye ta. Da ruwa ya ɗauke na wanke ganyenta tas, na duba ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya, na mayar da ita kan katakonta na ɗaki. Ina juya tukunyar kaɗan duk Juma’a don kada ta karkata wajen taga. Na ƙirga ’ya’ya 43, na rubuta a jikin kalanda, kuma kowace safiya kafin in buɗe wa yara ƙofa sai na duba ƙasa da bayan gado. Wannan karon, da sanyi da haske da ruwa daidai misali, sun zauna a jikinta har cikin Fabrairu. A hunturun ne kuma na ga wata ’yar saƙa kamar ta gizo-gizo a tsakanin ganye, da ɗigo-ɗigon fari a samansu; wasu ƙananan jajayen ƙwari ne da ke son busasshiyar iska. Na kai ta banɗaki na yi mata wanka da ruwa sau biyu a mako, suka tafi.

Ƙanwata da ke Kubwa a Abuja ta zo hutun ƙarshen shekara ta gani, ta nace sai na ba ta. Na sayo mata wata a wurin Baba, na yi mata duk bayanin da ni ban samu ba, na fara da zancen dafi tunda tana da yara da kyanwa, kuma kyanwa da kare ma yana kama su. Ta bi komai yadda na ce, amma zafin Abuja ba irin namu ba ne. A baranda ganyen ya yi ta yanƙwanewa da rana, da ta shigar da ita ɗaki mai na’urar sanyaya iska kuma sai bushewar iskar ta kaɗe ’ya’yan, ga wuta da ke ɗaukewa ɗakin ya koma tanda. Kafin zafin Maris ya kankama babu ko ɗa ɗaya a jikinta. Shukar ba ta mutu ba, amma furen da ta yi daga baya yawancinsa zubewa ya yi. Na ce mata ta nemi barkonon ado, shi zafi abokinsa ne, jan ma ya fi wannan ƙyalli. Sai dai kada a ci shi ma, don ba a san abin da masu reno suka fesa masa ba.

Daga cikin 43 ɗin nan na ware biyar da suka fi nuna don iri. Na sa leda a hannu na matse su a tsohon kofi, na wanke ƙwayoyin a rariya, na shanya a takarda a inuwa kwana huɗu, kofin da rariyar kuma ban sake mayar da su kicin ba. Sauran ’ya’yan ƙonawa na yi, ban watsa a bayan gida ba, domin ɗan yayata ya ce a Afirka ta Kudu da Ostareliya ta tsere daga gidaje ta zama ciyawar da ake fama da ita, kuma ban so yaran unguwa su tsince ta a juji. A farkon Maris na huda gindin gwangwanayen madara, na cika da irin haɗin ƙasar Baba, na binne ƙwaya uku-uku sama-sama, na rufe da farar leda. Tsakanin mako biyu zuwa uku suka tsiro. Yanzu ina da bakwai a jere a kan katako na biyu da kafinta ya ƙara mini, uwar kuma na sake yi mata ƙwal-kwabo, ta fara toho. Jiya ’yar maƙwabta ta biyo autata ɗakin, ta ɗaga kai tana nuna gwangwanayen, sai na ji autar na ce mata, “Na Umma ne, ba tumatur ba ne, ba a ci.” Biyu daga cikin bakwai ɗin na yi wa Baba alkawarinsu idan sun kai dasawa, wajen watan Mayu.